Shekara tara ina tara maki, har yau lasin elk bai faɗo kaina ba

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Yau ba maganar biza ko tsadar tikitin zuwa gida na kawo ba, wani abu ne ya tokare min maƙoshi tun safe na ce bari in sauke shi a nan. Sakamakon ƙuri'ar farauta ya fito, bana ma ban samu ba, shekara ta tara kenan a jere. Ga wanda bai san zancen ba, a nan jihar Kolorado ta Amurka akwai wata ƙatuwar dabbar dawa da suke ce wa elk, dangin barewa ce amma ka ɗauka gwanki ne aka ɗora masa rassan bishiya a ka, namijin yakan haura kilo 300. Ba a shiga daji haka kawai a harbe ta sai da lasin, kuma yankunan da manyan mazan suke lasin ɗinsu ƙidayayye ne, ka cika takarda farkon Afrilu ka zauna jira har wajen ƙarshen Mayu. In ba ka samu ba sai a ba ka maki ɗaya na ban haƙuri, baɗi wanda ya fi kowa maki shi ake fara ba wa. To ni maki 9 gare ni, yankin da raina ke so can arewa maso yammacin jihar masu cinsa sun haura 20, kuma duk shekarar da na ƙara ɗaya abin da ake buƙata shi ma sai ya matsa gaba. Tsakani da Allah jama'a wannan adalci ne?

Maman Ilham: Wa'alaikumussalam. Ikon Allah, Baban Hanifa nama ne ya ƙare a shagon halal na Denba? Shekara tara kana bin barewa da biro da takarda, ai ko auren 'yar sarki kake nema da yanzu an ɗaura

Baban Hanifa: Hajiya ki bari kawai, ba ki taɓa jin kukan namijin nan da asuba a watan Satumba cikin duwatsu ba ne. Wani irin fito yake yi mai ƙarewa da gurnani, tsikar jikinka sai ta tashi.

Kawu na Gwammaja: Ɗana ni ban ga zalunci a nan ba. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi. Mutumin da ya yi shekara 25 yana biyan kuɗin takarda yana haƙuri, kai ka zo jiya ka ce a haɗa ku a jefa ƙuri'a? Da ni ne a layin nan wani ya tsallako gabana da sunan sa'a wallahi ba zan yafe ba. Layi shi ne adalcin talaka, ko a gidan mai haka ne.

Auta: Kawu Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Layin gidan mai yana tafiya, wannan kuwa ba ya tafiya, a nan bambancin yake. Misali nake bayarwa, a ce yanki na bada lasin 10 a shekara, mutum 300 ne a gaban Yaya, to shekara 30 kenan kafin a zo kansa in ma babu wanda ya sauya sheƙa daga wani yankin ya dawo nan da tarin makinsa, kuma kullum ana dawowa. Yanzu ɗauki yaron da ya cika shekara 12 bana, wanda sai yanzu doka ta ba shi damar shiga, shi fa bai yi laifin komai ba illa an makara haihuwarsa. Waɗanda suka shiga tun da aka buɗe tsarin su suka kama ƙofa, duk na baya yana biyan kuɗi ne kan abin da lissafi ya nuna ba zai gani ba sai da furfura, in ma ya gani.

Kawu na Gwammaja: To ai furfurar ma rabo ce Auta.

Auta: Haka ne Kawu, amma hawa dutse da bindiga da ɗauko nama kilo 100 a baya ba aikin ɗan shekara 70 ba ne fa

Injiniya Hustan: Ku tsaya tukuna. Baban Hanifa ɗan'uwa kai har kana da bakin kuka? Kai mazaunin jiha ne, lasin ɗinka dala 60 da 'yan kai, ni da nake Teksas in zan zo wajenku sai na ajiye wajen dala 800 a kan dabba ɗaya, dutse ɗaya. Kuma kason da ake ware mana bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, a yankuna masu wuyar samu ma kashi 20 cikin 100 ne. Daga 2025 kuma suka daina sayar wa baƙi, wato mu da ba mazauna jihar ba, lasin farauta da kwari da baka kai tsaye a kan kanta, shi ma sai ta ƙuri'a. A jihar Wayomin baƙi kashi 16 ne, kuma can sun raba layin biyu, na gama-gari wajen dala 700, na musamman ya doshi dala 2,000, wato ka biya ninki kusan uku don ka shiga layin da mutane ba su da yawa. Abin da ya fi ci min rai, yawancin dajin nan da ake farauta a ciki na gwamnatin tarayya ne, kusan rabin ƙasar Wayomin ta tarayya ce, harajina na ciki kamar na kowa. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Barista: Injiniya maganarka ta je kotun ƙoli tun kafin a haifi wasunmu. Shari'ar Baldwin ce da hukumar farauta ta Montana, an yanke ta 1978. A lokacin ɗan jiha na sayen lasin elk dala 9, baƙo kuwa sai ya sayi haɗaɗɗen lasin na dala 225, ninki 25 kenan. Kotu ta ce farautar nishaɗi ba ta cikin haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ce dole jiha ta daidaita ɗanta da baƙo a kai. Tushen abin shi ne a Amurka ƙasa daban dabba daban, daji zai iya zama na tarayya amma namun da ke yawo a ciki amana ce a hannun jiha saboda mutanenta. Kana da ikon shiga dajin ka kafa tanti ka ɗauki hoto babu mai ce maka uffan, harbi ne kawai sai da izinin jiha.

Injiniya Hustan: Barista abin da kotu ta halatta ba lallai ya zama adalci ba ai.

Barista: Ban ce adalci ba ne, na ce ƙofar kotu a rufe take. Amma ka duba ɗaya gefen ma, mai gona a can shi ne elk ke tsallake wa shinge su cinye masa harawar da ya tara wa shanunsa da hunturu, shi ke karo da su a titi da daddare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baban Hanifa: Injiniya gaskiya ɗaya ce, kuɗin baƙi irinku ke riƙe da babban kaso na aikin kula da dabbobin nan a jiharmu, ban musa ba. Amma ka zo dajin da ake sayar da lasin a kanta lokacin buɗe farauta ka gani, motoci masu lambar jihohi goma a bakin hanya ɗaya, rigunan mafarauta ruwan lemo ko'ina kamar ranar kasuwa, dabbobin tun ranar farko sun tsere gonakin masu kuɗi inda ba mai bin su.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ni ban san halbin elk ba amma ƙuri'a na san ta, don ita ta kawo ni ƙasar ga. Girin kad na ci, takardar zama Amurka, ban da kowa ban da komi, abokina ya yi shekara goma yana cikawa bai samu ba ni karo na biyu ta faɗo. Ya ji zahi amma bai ce an zalunce shi ba, don ya san babu wanda ya sa hannu. In da maki aka yi da har yanzu ina Maraɗi. Ni dai ƙuri'a zalla nike goyon baya, kowa sunanshi guda cikin ƙwarya.

Auta: Akwai jihohin da haka suke yi ai, Aidaho da Niyu Meksiko babu maki ko ɗaya, wanda ya fara bana da wanda ya fara shekara 20 da suka wuce duk ɗaya suke a wajen kwamfuta.

Maman Ilham: To in mutum ɗaya ya ci sau uku wani ya mutu bai taɓa ci ba fa? Wannan ma ai da ciwo. Ni ko a adashi ba na yarda da ƙuri'a kowane wata, wanda ya ɗauka ya koma gefe har kowa ya ɗauka.

Auta: Hajiya adashi yana zagayowa ne saboda kwasa ta yi daidai da yawan masu zubi. A nan masu zubi dubbai ne kwasa goma. Shi ya sa wasu jihohin suka bi tsakiya. Nebada da Montana makinka ba layi yake ba ka ba, yawan sunanka yake ƙarawa a cikin ƙwaryar, kuma ninka makin ake da kansa, mai maki 2 sunansa ya shiga kamar sau 4, mai maki 10 kamar sau 100, sabon shiga yana da 'yar ƙofa ko da ƙarama ce. Yuta rabi na masu maki mafi yawa rabi na ƙuri'a. Arizona kashi 20 ne na manyan masu maki. Wayomin ga baƙi kashi 75 na maki ne, 25 na sa'a, 'yan jihar kuwa ba su da maki a elk sam.

Malam na Buronks: Assalamu alaikum warahmatullah. Na ga an ambaci ƙuri'a da yawa, kar wani ya ɗauka caca ce kai tsaye. Ƙuri'a tana da asali in haƙƙin mutane ya zo daidai kuma abin ba ya rabuwa. Ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, kuma ga ƙissar waɗanda suka jefa alƙalumansu kan wa zai ɗauki renon Maryam. Amma ku lura da sharaɗin, sai haƙƙi ya daidaita. To tambayar ita ce wanda ya jira shekara 20 da wanda ya zo yau haƙƙinsu ɗaya ne? In dabbar ta al'umma ce baki ɗaya, jira ba ya mallaka wa mutum ita. In kuma hukuma ce ta ce masa ka biya ka jira za a zo kanka, to alkawari ya shiga, kuma alkawari kaya ne. Baban Hanifa ka dai riƙa bisimilla kafin ka saki harsashi, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Malam, ina yi. Wannan maganar alkawarin ita ce ta sa abin ya gagara gyaruwa, duk ranar da aka ce za a taɓa tsarin, masu maki 25 ne ke cika ɗakin taro suna cewa an ci amanarsu, kuma in ka saurare su sai ka ji tausayinsu.

Kawu na Gwammaja: Yauwa, kun dawo maganata. Ko kujerar Hajji ai ƙidayayya ce, kowace ƙasa da kasonta, kuma akwai ƙasashe irin Indunusiya da mutum ke rubuta suna ya jira shekaru aru-aru, ba a ce a soke layinsu ba.

Barista: Kawu ranka ya daɗe ni duk wannan faɗan maki da ƙuri'a a ganina faɗan talakawa ne a kan ƙanzo, tuwon an riga an kwashe ta baya. Tun kafin a fara raba wa jama'a akwai kason masu filaye. A Kolorado mai filin noma ko kiwo da ya kai eka 160 yana iya neman takardar lasin daga wani kaso da aka ware musu, kuma yana da damar miƙa ta ga wani, wato sayarwa, mai kuɗi ya saya bana ya saya baɗi makinsa ko ɗaya bai taɓu ba. A Niyu Meksiko da Auta ke yabo, abin da aka zuba a ƙuri'a ne ake raba shi 84 na 'yan jiha, 10 na masu tafiya da ɗan jagora na haya, 6 na sauran baƙi, amma lasin masu filaye hanyarsa daban ce ba ya bi ta ƙwaryar. Sai kuma wanda ake gwanjonsa a wajen taron masu hannu da shuni, lasin ɗaya tak ya haura dala 100,000.

Injiniya Hustan: Amma kuɗin gwanjon nan ai daji yake komawa, a gyara mashaya a sayi fili a buɗe wa jama'a. Lasin ɗaya ya kawo abin da mutum dubu ba su kawo ba, ni ban ga asara ba.

Barista: Lissafin kuɗi ya fita, na yarda. Amma ka tuna yadda dabbar nan ta dawo. Kafin zuwan Turawa ana ƙiyasin sun kai miliyan 10, farkon shekarun 1900 ba su kai dubu 100 ba saboda harbin kasuwa, har don haƙoransu kawai ake kashe su a bar gawar. Abin da ya ceto su shi ne aka hana cinikin naman dawa, aka ce na kowa ne ba na mai fili ko mai kuɗi ba kamar yadda sarakunan Turai suka yi, sannan dokar 1937 ta sa harajin kashi 11 kan bindigogin farauta da harsashi ana mayar wa jihohi. Yau sun kai wajen miliyan ɗaya, Kolorado kaɗai na da kusan dubu 300. Da kuɗin ƙananan mafarauta aka yi wannan. In ka buɗe taga ɗaya ka ce mai kuɗi ya wuce saboda kuɗinsa na da amfani, gobe taga biyu ce.

Maman Ilham: Ni fa tambayata, su asalin masu ƙasar, jajayen Indiyawa, su ma layin suke bi?

Barista: Tambaya mai kyau Hajiya. Akwai wani ɗan ƙabilar Crow, Clayvin Herrera, da ya harbi elk a dajin Bighorn na Wayomin a 2014 ba lasin kuma ba lokacin farauta ba, jiha ta gurfanar da shi. Ya kafa hujja da yarjejeniyar 1868 da ta bar wa ƙabilarsa damar farauta a filayen tarayya da ba a mamaye ba. A 2019 kotun ƙoli da alƙalai 5 kan 4 ta ce zaman Wayomin jiha bai kashe yarjejeniyar ba. In maganar wanda ya riga wani barci ce Kawu, su ba su da na gaba.

Kawu na Gwammaja: Wannan kam ba ni da ta cewa.

Auta: Kuma ko ka ci lasin ma sai ka samu hanyar shiga. Kun ji labarin mafarauta huɗu 'yan Misuri da suka je Wayomin da tsani? Filayen can a jere suke kamar gidajen dara, wannan na gwamnati wannan na mai kuɗi, kusurwa ce kawai ke haɗa na gwamnati da na gwamnati. Sai suka kafa tsani a kan kusurwar suka tsallaka ƙafarsu ba ta taɓa ƙasar mutumin ba, ya kai su ƙara wai sun keta masa sararin sama, aka yi ta shari'a har kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2025.

Ɗan Maraɗi: Sararin sama kuma? Kai Amurka sai a barta

Direban Tirela: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, yanzu na faka. Baban Hanifa abokina bari in faɗa maka wadda ba za ka so ba. Ba hana ka farauta aka yi ba, kai ka hana kanka. Da maki 9 ɗin nan akwai yankuna da yawa a jiharku da za ka ci gobe, lasin mace kuma wasu wuraren ko maki ɗaya ba ya so, kuma in ka ci a zaɓi na biyu da ka rubuta a takardar makinka na nan ba a taɓa shi. Ga na namiji da ɗan jiha ke saya a kanta a zango na biyu da na uku na farautar bindiga. Ka dai ƙwallafa rai ne kan mai manyan ƙaho da za ka rataye a falo, wanda kowa ke so. Mutanen Kentaki da aka kai musu elk wajen 1,500 daga yamma tsakanin 1997 da 2002, dubban mutane ke rububin 'yan ɗaruruwan lasin. Kana cikin kogi kana kukan ƙishirwa.

Baban Hanifa: Hahaha Direba ka sauke min lodi a ka. Ban ƙi taka ba, sau biyu na fita da lasin kanta, sau ɗaya na dawo da nama. Amma maganata na nan, yankin can dajin jama'a ne, bai kamata a ce ɗana Abba da ke shekara 10 an riga an rufe masa shi har ya tsufa ba. Akwai ɗan kashi 20 da ake jefawa a sa'a a irin waɗannan yankunan ga mai maki 5 zuwa sama, amma in lasin ɗin duka bai fi a ƙirga da yatsu ba kashi 20 nawa ne.

Auta: Yaya ai an amince da sabon tsari da zai fara 2028, rabi ga masu maki mafi yawa rabi ƙuri'a wadda maki ke ƙara wa nauyi. Bai ƙara yawan dabbar ba dai, masu layin gaba ma jiransu zai ƙaru tunda kasonsu ya ragu.

Kawu na Gwammaja: Kun gani ko, an yanke wa masu haƙuri rabi an ba 'yan sa'a. Allah ya kyauta.

Injiniya Hustan: Mu baƙi kuwa ko a sabon ko a tsohon dala 800 ɗin na nan

Baban Hanifa: Kawu ni dai rabin nan ya yi min, ko ba komai zan riƙa buɗe imel da ɗan bugun zuciya, yanzu kuwa tun kafin in buɗe na san abin da ke ciki. Direba turo min lambobin yankunan da kake nufi ta bayan fage, akwai ragowar lasin da ake sake fitarwa da bazara, in na ga na mace kusa zan ɗauka, makin kuma in bar shi ya ci gaba da taruwa zuwa 2028 mu gani.

Maman Ilham: In Allah ya bada sa'a cinya ɗaya tawa ce, ina da ƙuli da kayan yaji daga gida, kilishi zan yi. Kuma ba layi ba ƙuri'a, na riga kowa faɗa.

Ɗan Maraɗi: Hajiya a sa sunana na biyu, ni zan biya kuɗin aike